Kwanson Harsashi da Tambayar Wani Yaro

Ya ku 'yan makaranta, yau za mu ba ku labarin wata tambaya da aka yi mana a cikin aji, muka kasa amsawa. Malami ba ya son ba da irin wannan labari, amma mun ga ya kamata ku ji shi, don watakila tambayar ta taɓa faɗo wa waninku a rai, kunya ko tsoron bulala ya hana shi yi.

Ran nan muna koyad da tarihi, muka kai ga shekarar 1903. Muka rubuta a allo: Kano, ran 3 ga Fabrairu, Sakkwato, ran 15 ga Maris, Burmi, ran 27 ga Yuli. Muka gaya wa yara rundunar da Kanar Morland ya taso da ita daga Zariya ya ci Kano ba ta kai mutum 800 ba. Sai wani yaro da ke zaune can baya, wanda bai cika magana ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, birni mai ganuwa mil 11, a ce mutum 800 sun ci shi rana ɗaya? Ashe kakanninmu matsorata ne?"

Ranmu ya ɓaci. Muka daka masa tsawa, muka ce ya zauna, ya kuma san irin maganar da zai riƙa yi a kan magabata. Yara suka yi masa dariya, ya sunkuyad da kai. Amma da dare ya yi, barci ya ƙi zuwa, domin mun sani tsawa muka ba shi, amsa kuwa ba mu da ita. Mun yi shekaru a kwalejin horon malamai, mun haddace ranaku da sunayen sarakuna, ba mu taɓa tambayar abin da ke hannun wannan da abin da ke hannun wancan ba a ranar da aka haɗu.

Bayan kwana uku sai abokin yaron nan ya zo mana da wani abu ƙunshe a tsumma. Muka kwance, sai ga ɗan kwanson harsashi na farin tagulla, ya yi baƙi don tsufa, an toshe bakinsa da ɗan itace. Ya ce na kakarsa ne, a ciki ta ke ajiye kwalli. Ita kuma wajen kakanta ta gada, wanda ya yi soja, ya je yaƙin Kamaru na 1914, ya komo da shi a aljihu. Muka roƙi aron kwanson na mako biyu. Shi ya tura mu karatun makaman da sojan ƙasa na Ingila suka yi yaƙi da su a farkon ƙarni na ashirin, ga kuwa abin da muka samo.

HARSASHI DA BINDIGARSA

Sunan irin wannan harsashi 303. Ma'anar lambar ita ce, in an raba inci guda kashi 1,000, faɗin ramin bakin bindigar kashi 303 ne. Ku duba rular da ke cikin jakarku, ku ga kashi nawa aka raba inci a jikinta, sa'an nan ku tuna akwai maƙeran da ke aiki da kashi ɗaya cikin dubu. Saboda wannan awo, harsashin da aka yi a Ingila, aka ɗauko shi a jirgin ruwa, ɗan dako ya kai shi Garwa a ka, zai shiga kowace bindiga ta rundunar daidai, ba sai an gwada ba.

To, ku gwama da bindigar da 'yan bindigan sarakunanmu ke riƙe da ita. Mai ita sai ya tsayad da ita, ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya sa dalma, ya daddanna da sanda, kana ya ɗaga ya harba. Da ƙyar gwani ya yi haka sau biyu a minti guda, in abu ya wuce yadi 100 kuwa samunsa sai sa'a. Ga hayaƙi da ke tone inda ya ke, in ruwan sama ya sauko albarushi ya jiƙe. Shi kuwa harsashin nan an haɗa kome wuri ɗaya cikin kwanso, ruwa ba ya shiga, albarushinsa kuma sabon iri ne marar hayaƙi, sili-sili kamar taliya.

Bindigar da ta fi kowace suna a hannun sojan Ingila ita ce Lee-Enfield. Lee sunan mutumin da ya ƙago yadda a ke ɗura ta ne, Enfield kuwa gari ne arewa da Landan, inda maƙerar gwamnati ta ke. An fara ba soja ita a 1895. A cikin bututunta an yi waɗansu tsage guda biyar masu murɗewa, su ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar mazari, don haka ya ke tafiya sak. A bayanta akwai wani ƙarfe mai kama da sakatar ƙofa. In soja ya ja shi baya, kwanson da aka harba ya yi tsalle waje, in ya tura shi gaba, sabon harsashi ya hau. Ƙarƙashinta da ɗan akwati mai cin harsashi 10.

Turawan ma sai da suka sha wuya kafin su iya aiki da ita sosai. A yaƙin da suka yi da Bowa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, manoma ne suka ɓuya bayan duwatsu da bindigogin Mauser na Jamus, suka yi ta ɗauke sojan Ingila daga nesa. Bowa na ɗura harsashi biyar gaba ɗaya, sojan Ingila na sa nasa ɗaya-ɗaya. Da aka gama yaƙi sai manyan soja suka zauna suka gyara. Aka rage tsawon bindigar, aka yi mata hanyar ɗura biyar-biyar, sabon samfurin ya fito a 1904, aka ƙara kyautata shi a 1907. Nauyinta wajen laba 9 ne, watau kilo 4. Harsashin da aka yi mata a 1910 yana cin ƙafa 2,440 a daƙiƙa guda, ya ninka gudun sauti fiye da sau biyu. Wanda aka harba daga nesa, harsashi ya kan riga ƙarar isa gare shi.

Gyaran da ya fi wannan shi ne na horo. Aka sa soja ya yi ta maimaita harbi har ya iya sakin harsashi 15 a minti guda, yana auna abin da ke yadi 300, wanda ya ƙware kuma a ƙara masa kuɗi a albashi. Amfanin wannan ya bayyana ran 23 ga Agusta 1914, a garin Mons na ƙasar Beljiyam, inda sojan Ingila suka fara karo da Jamus a Yaƙin Duniya na Farko. Jamus sun fi su yawa ƙwarai, daga baya ma dole Ingilishi suka ja da baya, amma sahun Jamus da suka taho a dunƙule sun sha wuta irin wadda ba su zata ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da soja ya yi a wannan yini, shekaru ya yi yana koyonsa a filin bariki.

A bakin bindigar a kan ɗaura banati, wata wuƙa mai tsawon inci 17. An ɓata lokaci mai yawa ana koya wa ƙurata sukan buhun ciyawa da ita suna ihu, amma a cikin waɗanda aka kai asibiti a yaƙin nan, masu raunin banati 'yan kaɗan ne ainun. Hafsoshi kuma su kan rataya libarba ƙirar Webley mai cin harsashi 6, wadda ba ta da amfani sai abokin gaba ya zo kusa. A farkon yaƙin har takobi su ke ratayawa, kamar dai barden sarki. Da suka lura maharban Jamus masu takobi su ke fara nema, sai aka ajiye shi.

BINDIGA MAI RUWA

Yanzu mun zo ga wadda ta fi shafarmu. A 1884 wani mutumin Amurka da ke zaune a Landan, sunansa Hiram Maxim, ya lura da abin da kowane maharbi ya sani, watau in an harba bindiga ta kan tokari kafaɗa. Sai ya ce me zai sa wannan ƙarfi ya tafi a banza? Ya ƙera bindigar da tokarin nan shi zai ja ƙarfen baya, ya fid da kwanso, ya jawo sabon harsashi, ya harba, ya sake, muddin yatsa na kan kunama. Harsasan an jera su a wata ɗamara ta zane mai cin 250, bindigar kuwa ta kan iya sakin 500 ko 600 a minti. Irin wannan wuta za ta narka ƙarfe, don haka ya kewaye bututun da wata tukunya da a ke cika wa ruwa. Mutanenmu da suka ga ana shayad da ita kamar doki, suka sa mata suna bindiga mai ruwa.

Ran 2 ga Satumba 1898, a Umdurman ta ƙasar Sudan, rundunar Halifan Mahadi ta fuskanci igwa da bindigogi irin waɗannan a fili. Kafin azahar an kashe musu mutum wajen 10,000, rundunar Ingila da Masar kuwa ba ta rasa 50 ba. Shekara biyar ba ta cika ba abin ya iso ƙasarmu. Rundunar da ta zo Kano tana da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa. Igwa ta fasa ƙofa, aka shiga.

Ga wani lissafi da muka yi da yara a allo, ku ma ku gwada. Doki mai sukuwa ya kan ci kamar yadi 400 a minti. Mu ƙaddara an fara harbin mahayi tun yana yadi 800. Minti biyu ke nan kafin mashinsa ya kai ga taɓa kowa. A cikin minti biyun nan bindiga mai ruwa guda ɗaya ta saki harsashi 1,000. Soja 100 da ke tsaye kusa da ita, ko sau biyar kaɗai kowa ya harba a minti, wani 1,000 ke nan. Sojan kuwa sun yi sahu mai kusurwa huɗu, ta ko'ina aka ɓullo baki ne na bindiga. Sulke da lifidi an yi su don kibiya da takobi, harsashi ba ya ko lura da su. Duk da haka a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, waɗansu mutane sun tsaya gindin tuta ba su gusa ba har aka kashe su. A Burmi kuma an yini ana yaƙi, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa, shugaban rundunar Turawa, Manjo Marsh, shi ma bai fita da rai ba.

Watakila wani zai ce, me ya hana sarakunanmu sayen irin waɗannan makamai? Ku sani tun 1890 ƙasashen Turai suka taru a Burasels, babban birnin Beljiyam, suka ƙulla yarjejeniya a kan hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, sai tsofaffin nan masu ɗuri ta baki. Wanda ma ya sami ta zamani ta hanyar Sahara, in harsashinsa ya ƙare ta zama sanda, tun da ba maƙerin da zai iya yi masa wani.

Akwai kuma abin da ya fi ba yaran ajinmu mamaki. A cikin mutum ƙasa da 800 ɗin nan da suka ci Kano, Turawa ba su kai 40 ba. Sauran duka baƙaƙen fata ne, Hausawa da Yarabawa da waɗansu kabilu, na rundunar da Lugga ya fara haɗawa a 1897. Hausa ce ma harshen bariki. Watau ɗan Hausa ke cikin ganuwa da kwari da baka, ɗan Hausa ke waje da bindiga. In jini ne ke sa tsoro ko jaruntaka, to, jinin ɗaya ne.

Bindigar kuma ba tsafi gare ta ba. Ran 14 ga Fabrairu 1906, a ƙauyen Satiru kudu da Sakkwato, talakawa masu gatura da fartanya suka auka wa sojan doki kafin su gama shirya sahu. Suka kashe Turawa 3 da soja 25, suka kwashe bindiga mai ruwa. Amma samunta bai cece su ba. Ran 10 ga Maris wata runduna ta zo a shirye, aka kashe mutum wajen 2,000, aka rushe garin, har yau kango ne.

RANAR DA ABIN YA JUYO KAN MASU SHI

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Manyan sojan Turai sun ga Umdurman, sun karanta labarin Sakkwato, amma da yawansu suka ɗauka wannan makami ne na yaƙi da mutanen da ba su da bindiga. A 1912 Ingila ta karɓi sabon samfuri mai suna Vickers, wanda ya fi na Maxim sauƙin ɗauka. Duk da haka ita da ruwanta ta kai laba 40, ƙafafunta uku laba 50, sai mutum shida ke hidimarta. In ruwan ya tafasa, a kan ja tururin ta wani bututu zuwa cikin garwa, don kada abokan gaba su hango, a kuma sake amfani da ruwan. Ta yi ƙarko har sojan Ingila ba su ajiye ta ba sai 1968. Amma a 1914 bataliya guda, mai mutum wajen 1,000, guda 2 kaɗai a ke ba ta.

Yaƙin na 1914 bai tsaya Turai ba. Sojan da a ke cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila, Alhaji Grunshi ne na rundunar Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, a ƙasar Togo cikin watan Agusta. A ƙarshen watan nan sojan Nijeriya suka kai wa ganuwar Jamus hari a Garwa, sai ga bindiga mai ruwa tana kallonsu, aka kore su da hasara mai yawa, har kanar ɗinsu ya mutu. Garin bai faɗi ba sai Yuni 1915. Kakan tsohuwar nan mai kwalli, a irin waɗannan wurare ya tsinci kwansonsa.

A Faransa kuwa, da kowane ɓangare ya ga ba mai iya tsayawa a fili, sai aka shiga haƙa ramuka, tun daga bakin teku har iyakar Suwizalan, aka shinge gabansu da waya mai ƙaya. A 1916 Ingilishi suka yi niyyar fasa ramukan Jamus a wajen kogin Som. Kwana bakwai igwa na aman wuta, aka harba fiye da miliyan ɗaya da rabi, har manya suka tabbata ba sauran mai rai a gaba. Ashe Jamus sun haƙa ɗakuna can ƙarƙashin ƙasa, suna zaune suna jira. Ran 1 ga Yuli, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, igwa ta ɗaga, aka busa usur. Samarin Ingila suka fito daga rami, kowa da kaya fiye da laba 60 a jikinsa, da yawansu a jere suna tafiya. Jamus suka hauro da bindigoginsu masu ruwa suka kafa. Bindigar tasu kuwa ƙirar Maxim ce, 'yar'uwar wadda aka kafa a Giginya.

A wannan yini guda Ingila ta yi hasarar mutum 57,470, a cikinsu 19,240 matattu. Akwai wata bataliya ta samarin garin Akrinton da kewayensa, abokai da maƙwabta da suka shiga soja tare. Wajen 720 suka fita, kusan adadin sojan da suka ci Kano, fiye da 580 aka kashe ko aka raunata. Da muka karanta wa yara wannan, aji ya yi tsit. Muka tambaye su, waɗannan samari matsorata ne? Suka ce a'a. Muka ce to, minti biyun nan da muka lissafa wa mahayin Sakkwato, su ne aka ba su, su kuwa a ƙasa su ke, ba doki.

ABIN DA WUYA TA KOYA MUSU

Zaman rami ya sa aka nemi waɗansu makamai. Bindiga sak ta ke harbi, ba ta samun wanda ya ɓuya a rami, sai abin da za a jefa ya faɗo masa daga sama. Da fari soja da kansu su ke cusa albarushi da ƙusoshi a gwangwanin abinci su jefa. A 1915 wani mai maƙera a Birmingham, William Mills, ya fito da gurneti, ɗan ƙarfe mai kamar ƙaramar abarba, cike da hannu. Mai jifa ya danne wani marfi da yatsunsa, ya zare ƙusa, ya wurga. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ya fashe. Ƙarfin mutum ya kan kai shi kamar yadi 30, ɓaraguzansa kuwa su kan wuce haka, don haka wanda ya jefa dole ya duƙa. Kafin yaƙi ya ƙare an ƙera wajen miliyan 75.

A shekarar nan kuma Wilfred Stokes ya ƙago wata 'yar igwa da ba kome ba ce sai bututu a jingine bisa ƙafa biyu. A saki bom ta baki, ya zame ya bugi wata ƙusa a gindi, ya tashi sama ya faɗa ramin abokan gaba har nisan yadi 800. Aka kuma raba wa soja bindigar Lewis, mai faifai a kanta da ke cin harsashi 47. Iska ke sanyaya ta, nauyinta laba 28, mutum ɗaya na iya saɓa ta ya ruga da ita. Harsashinta shi ne dai 303 ɗin nan na Lee-Enfield da Vickers. Bataliyar da ta fara yaƙi da bindiga mai sarrafa kanta guda 2, ta gama shi a 1918 da Lewis fiye da 30. Har kwalkwali, wanda Turawa suka daɗe da yarwa, sai da aka komo da shi a 1916, na ƙarfe mai kamar tasa, domin ɓaraguzan igwa sun fi kowane makami kisa a yaƙin nan.

Daga 1917 aka sake tsarin faɗa. Aka daina tura dogon sahu. Kowace ƙaramar ƙungiya ta mutum 30 ko 40 aka kasa ta huɗu: masu bindiga, masu jifan gurneti, masu harba gurneti da bakin bindiga, da masu Lewis. Waɗansu su danne abokan gaba da wuta, waɗansu su zagaya ta gefe. Wannan dabara ba gadonta suka yi ba. Da ran dubban samarinsu suka saye ta.

AMSAR DA MUKA BA YARON

Da mako biyu suka cika, muka shiga aji da kwanson nan a hannu. Muka kira yaron da muka daka wa tsawa, muka ce masa a gaban 'yan'uwansa, "Ran nan ka yi tambaya mai kyau, mu ne ba mu da amsa, muka huce a kanka. Ka yafe mana." Ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Sa'an nan muka ba su duk abin da kuka karanta a sama.

Muka ce masa kakanninsa ba matsorata ba ne. Wanda ya san abin da ya faru a Kano, ya kuma tsaya gindin tuta a Giginya, ba a kiransa matsoraci. Abin da ya ci su, shi ya ci samarin Akrinton bayan shekara 13. Amma muka ce kada wannan ya sa ya kwanta ya yi ta yabon magabata, don akwai abin da aka fi mu a ranar, kuma ya kamata a faɗe shi. A bayan kowane soja da ya tsaya a ƙofar Kano akwai mai haƙo ƙarfe, da mai auna kashi ɗaya cikin dubu na inci, da mai haɗa albarushi, da akawun da ya lissafa harsashi nawa za a ɗauka da 'yan dako nawa, da sajen da ya yi shekara yana sa mutum maimaita abu ɗaya. Waɗannan duka daga aji irin wannan suka fito.

Muka miƙa masa kwanson da rula, muka ce ya auna mana bakinsa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Malam, ya faɗa tsakanin zane biyu, rular ba ta kai ba." Muka ce haka ne, akwai ma'aunin da ya kai, in ya dage da lissafi zai riƙe shi wata rana. Ba kuwa muna fatan ku zama maƙeran bindiga ba ne, ya ku samari. Kun dai ji abin da ta yi wa masu ita. Awon da ya sa harsashin Ingila ya shiga bindiga a Garwa, shi ne ke sa allurar likita ta hau sirinji, shi ke sa a sayo ƙarfen famfo a Kano ya zauna daidai a rijiyar ƙauyenku. Ƙasar da ba ta da masu wannan awo, kome za ta yi sai ta jira na wani, a kuma hana ta ran da aka ga dama, kamar yadda aka yi a 1890.

Ran Jumma'a muka mai da kwanson ga mai shi, muka haɗa da goro biyar na godiya. Jikanta ya ce da ta karɓa sai da ta buɗe ta leƙa, ta ce a gaya wa Malam kwallin ya ragu. Yaron da ya yi tambaya kuwa ya dawo layin gaba da zama, yanzu kusan kullum sai ya ɗaga hannu. Jiya ma ya tambaye mu abin da ya sa jirgin ƙarfe ba ya nutsewa a ruwa, muka ce ya ba mu mako guda.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.